Bukar Ɗin da Ke Wanka Sau Uku

Ranar da aka fara tura ni aiki ni kaɗai, an ba ni rakoda mai cin kaset, batir huɗu, da makirfo da aka saƙala wa safar yara a ka saboda iska. Aka ce in je tasha in jiyo ra'ayin mutane kan tsadar gero. Na tare wani dattijo, na danna jan maɓalli, sannan na ce masa ina kwana. Nan na kashe kaina. Ya amsa, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi zafi, ya tambayi ɗan wane ne ni. Da ya ji sunan unguwarmu sai ya juya Kanuri, muka sake ɗauko gaisuwar daga tushe, wushe, wushe, kamar yanzu muka haɗu. Kaset ɗin da ma ragowa ne. Daidai lokacin da ya buɗe baki zai taɓa maganar gero, rakoda ta yi ƙas ta tsaya. Na koma ofis da gaisuwa zalla, babu ko ƙwayar gero ɗaya a ciki.

Shi ya sa nake dariya idan na ga ɗayanku ya ɗaga waya a bakin titi, ya cusa wa bawan Allah a baki, ya dawo yana cewa ya jiyo ra'ayin jama'a. Sunana Abba, amma a garin nan in ba ka ce Abba Rakoda ba, babu wanda zai nuna maka gidana. Na tsufa ina wannan aiki a wani gidan rediyo a nan Maiduguri. Ku da kuka zo koyo jiya kuna ganin aikin danna maɓalli ne. To ku gyara zama.

Wanda ya koya mini shi ne Malam Yakubu, mutumin Biu, mai ɗan guntun gemu da faɗa kamar an aiko shi. Wata shida ina bin sa da jaka bai bar ni na riƙe makirfo ba. A hannunsa na koyi maida kaset baya da biro don kada batir ya ƙare, da shanya batir a rana ya ɗan farfaɗo, da yadda ake riƙe makirfo nesa da baki kamar tsawon ɗan yatsa biyu, don Kanuri idan ya yi fushi da tsadar mai, har yawu ake ji a rediyo. Ya ce in gama gaisuwa kakaf kafin in danna. Ya ce in rubuta sunan kowa da unguwarsa a littafi. Ya kuma ce kada in taɓa tambayar mutum a gaban babbansa. Wannan ta ƙarshen ban yarda da ita ba sai da na gwada a wata majalisa a unguwar Moduganari. Mutum tara ne a kan tabarma. Babbansu ya yi magana, sauran takwas ɗin kowa ya karɓi makirfo da ladabi ya ce, "Abin da Baba ya faɗa, shi ne." Na dawo da ra'ayi ɗaya mai wutsiya takwas, Malam Yakubu ya sa na saurare shi sau uku a tsaye.

Mutanen titi kuwa kala-kala ne. Akwai wanda da ya hango makirfo zai tsallaka kwata ya ɓace. Akwai wanda zai biyo ka har cikin keke napep yana cewa shi ma yana da magana. Akwai mai amsa kowace tambaya da miƙa gaisuwa ga surukarsa. Akwai wani Inyamuri mai shagon tayoyi da na daɗe ina zuwa wurinsa don yana da Hausa mai daɗi, amma ko kan zaɓe ka tambaye shi, ko kan rigakafi, sai ya ce, "Oga, gaskiya abin babu kyau, amma a shagona akwai sauƙi." Cikin waɗannan duka za ka tsamo murya biyar masu ma'ana kafin azahar, rana tana dafa maka ƙwaƙwalwa.

Sai shekarar da ta yi mana wuya. Hanya ba daɗi, shingen jami'an tsaro a kan shinge, a sauke ka nan a sauke ka can. Motar ofis ta kwanta, babur kuwa da ma an hana shi a gari. Mutane sun tsorata da makirfo, kowa ka tara sai ya ce shi baƙo ne. Wannan duk gaskiya ne, kuma shi nake faɗa wa mutane idan suka tambaya. Amma tunda ku 'yan gida ne, bari in ƙara muku da cewa lalaci ma ya taka rawarsa.

Kusa da gidana a Bulumkutu akwai mai shayi, Ba Modu. Allah ya ba shi baiwar kwaikwayo. Zai yi maka Hausar Shuwa, ya juya ya yi ta Inyamuri, ya koma ta Bakano mai sayar da atamfa, duk yana tsaye a gaban butarsa. Wata safiya ina zaune a bencinsa ina ƙunƙuni, saboda Hajiya, shugabar sashenmu, tana jiran murya biyar ni kuma huɗu gare ni.

"Kawo in cika maka," in ji Ba Modu.

"Ai ka yi magana jiya."

"Jiya mai shayi ne ya yi. Yau direban keke ne daga Moduganari."

Ya shaƙe murya, ya zage kan ramukan titi kamar wanda ya shekara goma yana faɗawa cikinsu. Wallahi duk cikin biyar ɗin nan babu wadda ta kai tasa daɗi, har Hajiya ta yaba. Na ce daga yau ba zan ƙara ba. Mako na zagayowa Ba Modu ya zama mahauci. Kafin damina ta faɗi, lissafin ya juye, murya huɗu tasa ce, ɗaya ta jama'a. Akwai makon da ya yi gardama da kansa a rediyo kan rufe kasuwa ranar shara. A matsayin mahauci ya goyi baya, a matsayin malamin makaranta ya ce bai yarda ba, masu sauraro suka yi ta bugo waya, rabi na bayan mahauci, rabi na bayan malam. Ni da shi muna zaune muna shan shayi muna jin yadda gari ya rabu biyu a kansa.

Aikin da ya tona ni na garin Khaddamari ne. Takarda ta zo ofis cewa an gyara rijiyar burtsatse ta wata unguwa a can, Hajiya ta ce in je in ji ta bakin masu shan ruwan. Na fito da niyya, na rantse muku. Na kalli rana, na tuna shingayen hanya, ƙafata ta kai ni bencin Ba Modu. Na ce a raina, tunda takarda ta ce an gyara, me mutum zai ce ban da godiya?

"Wa zan zama?" in ji shi.

"Manomi."

"Suna fa?"

Na yi dabara irin ta wawaye. Na ce a sa Bukar. A ƙasar nan kowane gida akwai Bukar, wani gidan har biyu, to wa zai tsaya neman ɗaya a cikinsu? Ba Modu ya gyara tsayuwa, ya ɗauko muryar tsohon manomi, yana juya shayin wani yana magana. Ya gode wa hukuma, ya gode wa masu gyara, daɗi ya ɗebe shi ya ce, "Ruwa kam ya wadata. Ni har wanka sau uku nake yi a rana." Ya rufe da ɗan tari, ƙyaf-ƙyaf, don abin ya yi kama da gaske. Na kai, aka sa.

Ashe ba a gyara komai ba, fenti kawai aka shafa wa tankin. Unguwar nan gaba ɗaya a kan famfon tuƙa-tuƙa guda ɗaya take, jarkoki a jere tun daga bakinsa har bayan masallaci, kowane gida da gurbinsa a layi. Mutanen da ke auna ruwan alwala da kofi suka kunna rediyo suka ji wai Bukar ɗinsu yana wanka sau uku. A zamanin Malam Yakubu da maganar ta bi iska. Yanzu kuwa wani ya naɗe ta a waya, ya jefa a guruf ɗin unguwa, kowa yana kunnawa yana ƙarawa.

Ban san wainar da ake toyawa ba sai bayan kusan mako biyu, da Bulama, wato mai unguwarsu, ya bugo wa ofis waya. Ya ce a turo masa wanda ya ɗauki muryar, ya zo ya nuna musu mutumin da idonsa. Hajiya ta ce, "Abba, ai abu ne mai sauƙi, je ka nuna musu." Na ce to. Hanyar da na ce ba ta biyuwa, ranar lafiya lau na bi ta.

Na tarar da ƙofar gidan Bulama cike, maza a gaba, mata a gefe da mayafai, kowa da waya a hannu. A tsakiya an shimfiɗa tabarma, an zaunar da Bukar bakwai a jere. Bulama ya yi mini lale, ya bayyana mini tsarin. Za a kunna muryar rediyo a wata 'yar sifika, sannan kowane Bukar ya miƙe ya maimaita, jama'a su gwada, ni kuma in yanke.

Bukar na farko ba shi da haƙori ko ɗaya, da ya ce "sau uku" iska ce kawai ta fito, aka sallame shi. Na biyu ba ya jin Hausa, sai da aka yi ta biya masa kamar karatun allo, shi ma aka ce ya tashi. Bukar Tela ya ce shi ba zai faɗa ba, don ƙarya ce, kuma yana azumi. Bukar mai albasa ya faɗa da ƙarfi har da ɗaga hannu, kamar ya daɗe yana jiran a ba shi dama, mata suka ce wannan ko sau ɗaya a mako ba ya yi, a bar shi. Ni dai ina tsaye na rungume jaka, ina gyaɗa kai irin na ƙwararre.

Duk wannan cika ƙa'ida ne kawai. Jama'a sun riga sun yanke hukunci a guruf, har da ƙuri'a, kuma ta faɗa kan na ƙarshe a layi, Bukar Gana. Ɗan siririn dattijo ne mai noman gero, marar magana. Hujjarsu biyu. Ta farko, yana da ɗan tari. Ta biyu, duk unguwar an san shi da tsafta, kullum fes cikin farar riga, har ana yi masa tsiya da ango. Ranar dai ban ga wani fes a jikinsa ba, amma ban kawo komai a raina ba. Tun ranar da ƙuri'a ta fito aka cire jarkokin gidansa daga layin famfo, wai mai wanka sau uku ya je ya ɗebo inda yake ɗebowa. Matarsa sai ta tafi wata unguwa mai nisa take samo abin girki. Bulama ya ce idan na tabbatar shi ne, jarkokin sun fita ke nan har sai an gyara burtsatse.

Bukar Gana ya miƙe, kansa a ƙasa, ya faɗi maganar a hankali. Tsautsayi ya sa tari ya kubce masa a ƙarshe. Wuri ya ɗauki sowa.

"Malam Abba, shi ne ko?" in ji Bulama.

Da ma na shirya amsata tun a mota. Na gyara murya na ce duk cikinsu babu shi, wataƙila wani baƙo ne mai wucewa na tara. Na zaci na fitar da kowa, har da kaina. Sai wani daga baya ya ɗaga murya.

"Kai da bakinka ka ce Bukar manomi daga Khaddamari! Rufa masa asiri kake yi!"

"An ba shi gero!" in ji wani daban.

Kafin in ce wani abu magana ta zama Bukar Gana ya saye ɗan jarida. Na zo in rage masa kaya na ƙara masa. Kada ku ɗauka a nan na yi jarumta na faɗi gaskiya. Duban ta inda zan sulale kawai nake yi.

Wata mata ta ratso mutane ta fito, doguwa, da waya mai fasasshen gilashi. Sunanta Ya Falmata, matar Bukar Gana ce. Ta gaida Bulama, ta nemi izini, ta juyo kaina.

"Malam Abba, wushe da hanya. A ina ka ce ka ɗauki muryar nan?"

"A... a bakin gona."

"To. A ba ni sifika."

Ta kunna, amma ta ce kowa ya rabu da maganar, a saurari abin da ke bayanta. Aka yi tsit. Can ƙasa-ƙasa sai ga ƙarar cokali yana zagaya kofi, sannan a buga bakin kofin sau biyu, kan-kan. Haka Ba Modu yake yi, bai iya magana ba sai hannunsa na juya shayi. Ni da na koyi aiki a hannun Malam Yakubu, kunnena ya saba da ƙarar har na daina jin ta.

"Mu dai a gonarmu ba a shuka cokali," in ji ta.

Ba ta tsaya nan ba. Ashe kwanakin nan da take zaune da baƙin ciki, ta bi mata da 'yan uwa a waya ta tattaro tsofaffin shirye-shiryena da mutane suka naɗa. Ta kunna direban keke na Moduganari. Kan-kan. Ta kunna mahauci. Kan-kan. Ta kunna malamin makarantar da ya yi gardama da mahaucin. Kan-kan. Zuwa na biyar yara da manya suna jira su amsa tare da cokalin.

"Malam Abba, duk Borno cokali ɗaya gare mu? Ni ban san mutumin nan ba, amma mai shayi ne, kuma yana cika sukari, don juyin ya yi yawa."

Kunya irin ta ranar ban taɓa jin ta ba, har a tafin ƙafata na ji ta. Na ajiye jaka na faɗi komai, da benci, da takarda, da dalilin zaɓen sunan Bukar. Da na zo nan Bukar ɗin da aka sallama suka dawo suna neman a ba su ni. Bulama ya tsawatar. Sai kuma wuri ya yi wani irin sanyi, don kowa ya tuna da yatsansa ya danna ƙuri'a. Wanda ya ce an ba ni gero ya shiga duba wayarsa kamar an aiko masa saƙo.

Bulama ya yanke cewa a mayar da jarkokin Bukar Gana, a gaban layi ma, ni kuma in faɗa a rediyo da bakina cewa ƙarya na yi, in faɗa wa duniya burtsatse na nan a mace. Na yi hakan daga baya, kwana uku a jere, sannan Hajiya ta ba ni hutun dole na wata guda, ta kuma kafa dokar da kuke ƙorafi a kanta yanzu, ta cewa kowace murya sai da lambar wayar mai ita. Ni ne sanadi, ku daina zagin Hajiya.

Amma kafin a watse na ce bari in yi aikin da aka aiko ni tun farko. Na ciro rakoda, na durƙusa gaban Bukar Gana, na ba shi haƙuri, na ce ya faɗi duk abin da ke ransa, ba zan yanke ko numfashi ba. Ya dubi makirfon. Ya yi ɗan tarinsa.

"Ni ban iya maganar rediyo ba," in ji shi. "Abin da zan ce kawai, Juma'a biyu ke nan ban yi wanka ba. Falmata tana rage mini ruwa a bokiti, ina ƙi. Na ce idan aka gan ni da tsafta za a ce ni ne."

Babu wanda ya yi dariya. Wata tsohuwa ta tashi ta nufi famfo. Mata suka bi ta. Aka janye jarkokin da ke gaba, aka tuƙa bokiti biyu cike, wani ya kawo sabulu sabo a takardarsa, Bukar Tela ya ce a ba shi rigar ya wanke da hannunsa. Aka tasa dattijon nan a gaba har gida yana cewa a bari, a bari, ba a bari ba. Rabin unguwa muka tsaya a ƙofar gidansa cirko-cirko kamar masu jiran a fito da amarya.

Sai muka ji ruwa ya zuba a bayan katanga, shaa, mata suka rangaɗa guɗa. Duk shekarun da na yi ina farautar sauti ban taɓa jin mai daɗin wannan ba. Na ɗaga makirfo sama da katanga, babban yatsana yana kan jan maɓalli. Ya Falmata ta juyo ta dube ni.

"Malam Abba, ka tambaye shi?"

Na sauke hannuna, na naɗe wayar makirfo, na mayar da rakoda cikin jaka.